Haƙori Ashirin da Biyar

Katafilar ta girme ni da shekara tara.
A kan tirela aka kawo ta Tawa, kamar saniyar da rani ya kayar,
aka sauke ta bayan gareji, gefen hanyar Ƙwanni,
awaki suka gano inuwarta kafin mu gano ciwonta.

Inji lafiya lau, in ji direba.
Tana ruri, tana hayaƙi, taki ɗaya ya gagara.
Gargaren da ke jan sarƙa sai juyi yake a banza,
dasashin tsohuwa a kan goriba.

Maigida Abarshi ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya bi haƙoran da yatsa huɗu,
na biyar ɗin yana Abija, wani inji ya riƙe shi jingina.
Ya ce ashirin da biyar ne, babu mai sauran kai.
Yashin Adar ya ci rabonsa, tsakuwa ta ci nata,
ragowar direban da ke rowar man shafawa ya cinye.

Sabo yana Kwatano, ko bayan teku.
Kuɗinsa ya fi gonar mai katafilar,
kuma sai wata biyu.
Can gaba da Badagishiri akwai ƙauyen da madatsarsu ta ɓalle bara,
ga hadari ya fara leƙe da la'asar.

Sai ya ɗauki almakashi ya yanki kwalin sukari,
ya fitar da haƙori yadda yake tun yana saurayi.
Daga ka ya zana.
Ya miƙo mini, ya ce cika har ya taɓa nan.

Na sauke gilashi, rana ta mutu,
tauraro ɗaya tak a bakin sandar walda.
Layi bisa layi, kamar yaɓen katanga:
ka ɗora, ka bari ya huce, ka ƙwanƙwashe ɓawon, ka ƙara.
In ka yi gaggawa ƙarfe ya riƙe ka a zuci,
ba zai tsage a gabanka ba,
sai ranar da yake daji, nesa da kuran.

Kwana shida.
Wuta ta ɗauke sau goma sha ɗaya, na ƙirga.
Rigata ta zama rariya.
Da dare ido kamar an watsa masa rairayi,
Hajo ƙanwata tana matsa mini tsumma mai sanyi
tana tambaya ko ƙarfen uban wani ne.

Fil ɗin sarƙa muka fitar da guduma, ni da Algabit,
muka juya su, gefen da ya huta ya fuskanci wahala,
yadda ake juya tabarma in baƙo zai zo.

Ranar Alhamis direba ya hau.
Sarƙa ta miƙe, ta nemi haƙori, ta samu.
Ƙasa ta motsa ƙarƙashin takalmina.
Amma duk zagaye ɗaya sai na ji ƙwas.
Ƙwas.
Na san shi, na goma sha tara ne,
wanda na cika da yunwa bayan isha'i.

Na rarumo injin guga, Abarshi ya kama hannuna.
Bar shi, tsawo ya yi, ba gajarta ba.
Kwana uku cikin tsakuwa zai yi daidai da 'yan'uwansa.
Da gazawa ya yi, da yau ma a nan za mu kwana.

Ya ɓare goro, ya kai shi can kurya
inda turame biyu suka rage masa.

Da ƙafarta ta hau tirela.
Awaki suka tsaya a rana suna kallon inda take da.
Kwalin yana aljihuna, gefensa ya ƙone,
har yanzu yana ɗan warin sukari.